Yuriya da Tarihin Kimiyyar Sinadaran Halittu

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa sayen takin zamani ya san yuriya, wato farin takin nan mai kama da tsakin gishiri. Wannan sinadari yana da muhimmin matsayi a tarihin kimiyya, domin a kansa ne masana suka fara shakkar wani ra'ayi da suka daɗe suna riƙe da shi game da bambancin mai rai da marar rai. A wannan takarda za mu bi tarihin yadda ra'ayin ya rushe.

Ra'ayin ƙarfin rai

A farkon ƙarni na 19, masana a Turai sun kasa sinadarai gida biyu. Kashi na farko shi ne waɗanda ake samu daga ƙasa da duwatsu, kamar gishiri da ƙarfe. Kashi na biyu kuwa shi ne waɗanda ake samu daga tsirrai da dabbobi, kamar sukari da kitse. Masana da yawa, ciki har da Berzelius na ƙasar Suwidin, suna ganin cewa kashi na biyu ba ya haɗuwa sai da wani ɓoyayyen ƙarfi da ke cikin jiki mai rai. Yuriya tana cikin wannan kashi, domin a cikin fitsari aka gano ta tun ƙarni na 18.

Gwajin shekarar 1828

A shekarar 1828, wani Bajamushe ɗalibin Berzelius mai suna Friedrich Wöhler yana ƙoƙarin haɗa wani gishiri na amoniya a birnin Balin. Da ya ɗumama ruwan haɗin har ya ƙafe, sai ya ga fararen ƙwayoyi sun fito. Da ya bincika, ashe yuriya ce, irin ta fitsari sak. Nan take ya rubuta wa malaminsa wasiƙa, yana shaida masa cewa ya haɗa yuriya ba tare da ƙodar mutum ko ta kare ba.

Gwajin ya kuma nuna wani abu. Gishirin da ya yi niyyar haɗawa da yuriyar da ya samu, ƙwayoyin zarrarsu iri ɗaya ne: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidurojin 4. Jerinsu ne kawai ya bambanta. Mai nazarin harshe zai gane wannan da sauƙi: haruffan "rami" da na "mari" ɗaya ne, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce.

Rushewa sannu a hankali

Littattafan makaranta sukan ce gwajin Wöhler ne ya kashe ra'ayin ƙarfin rai. Masana tarihin kimiyya sun nuna cewa abin ya ɗauki shekaru masu yawa. Wani dalili shi ne, kayan da ake fara irin wannan haɗi da su a zamanin, daga jini da ƙahon dabbobi ake samo su, don haka mai gardama yana da abin faɗa. Sai a 1845 Hermann Kolbe ya haɗa asid ɗin da ke sa ruwan kal tsami daga kayan da ba su da alaƙa da rai. A 1858 August Kekulé ya bayyana cewa kowace ƙwayar kabon tana da hannu huɗu na riƙe wasu ƙwayoyi, kuma tana iya riƙe 'yar'uwarta su yi doguwar sarƙa. Daga nan aka daina kallon wannan fanni a matsayin ilimin abubuwa masu rai, ya zama ilimin sinadaran da ke ɗauke da kabon.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya jiki yake yin nasa haɗin? A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis, ya matse ruwansa, ya zuba sukari. Sukarin ya juye barasa alhali babu ƙwayar yis mai rai ko ɗaya a ciki. Ashe wasu sinadarai ne masu gaggauta aiki, waɗanda ake kira inzayim. A 1926 James Sumner na Amurka ya tace inzayim ɗin da ke farfasa yuriya daga wani irin wake, ya nuna cewa furotin ne. A 1932 kuma Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana matakan da hanta take bi ta mayar da amoniya mai guba zuwa yuriya. Aikin ƙoda shi ne tace ta daga jini.

Kammalawa

Tsakanin gwajin Wöhler da bayanin Krebs akwai shekara 104. A 1922 aka samo hanyar haɗa yuriya a masana'anta daga amoniya da iskar kabon, kuma kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, abin da masara da shinkafa suke bukata. Idan manomi ya watsa ta a gona, inzayim irin wanda Sumner ya tace, na ƙananan halittun cikin ƙasa, shi ne yake fara farfasa ta kafin shuka ta amfana.