Columba palumbus: sunan da muke haddacewa ba mu san tarihinsa ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun ilimin dabbobi, duk zango sai mun sha haddar sunayen Latin kamar karatun allo, ana gama jarabawa su bi iska. Dalili kuwa, ba mu san ma'anarsu ba. Bari mu ɗauki ɗaya mu fasa shi.

Columba palumbus sunan wata babbar tattabarar daji ce ta Turai, mai farin tabo a gefen wuya. Rumawan da ba su haɗa tsuntsayen nan a suna ɗaya ba. Ta gida ita ce columba, ta kurmi palumbes ko palumbus, ƙaramar kurciya kuma turtur, sunan da suka kwaikwayo daga kukanta. Kusan yadda Bahaushe ya raba tattabara da hasbiya da kurciya ke nan.

Kiwon tattabara babbar sana'a ce a Rum, har Varro ya yi bayaninta a littafinsa na noma a shekara ta 37 kafin Miladiyya. Ɗakinsu mai ramuka a bango shi ne columbarium, kuma sunan ya koma kan ɗakunan da ake jera tukwanen tokar mamata, saboda kamannin ramukan.

Da Latin ya rarrabu, kowace ƙasa ta kama nata. A Sifaniya sunan ta daji ne ya yi nasara, paloma, yau har ta gida haka suke kiranta. A Fotugal pombo. A Romaniya tattabara porumbel ce, masara ma porumb suke ce mata, tushen ɗaya ne. Italiya ta riƙe colombo, sunan dangin Christopher Columbus. Faransa kuwa ta ɗauko pigeon daga pipio, wato ɗan tsako mai tsiwirwiri, Ingila ta ara daga can.

A 1758 ne Carl Linnaeus, ɗan Suwidin, ya haɗa kalmomin biyu: Columba sunan dangi, palumbus sunan jinsi. A wannan shekarar dai ya raɗa wa hasbiyarmu Columba guinea, wato tattabarar yankin Gini.

To kun gani ko? Rabin sunan yana faɗa maka dangi, rabi yana faɗa maka ko wace ce ko daga ina take. Don Allah kafin ka haddace na gaba, tambayi ma'anarsa tukuna. Wanda ka fahimta ba ya gudu a ɗakin jarabawa.