Kama Da Wane Ba Ta Wane: Bindigar Mauser Da Harsasanta

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka duk harsashin da ya shige cikin bindiga, to nata ne. Tarihin wata ƙaramar bindigar soja mai suna Mauser C96 ya ƙaryata wannan zato, kuma har gobe masu ajiye tsofaffin makamai ba su rabu da ruɗanin ba.

A shekarar 1896 ne kamfanin Mauser da ke garin Oberndorf a ƙasar Jamus ya fara ƙera ta, bai daina ba sai 1937, bayan ya fitar da kimanin miliyan ɗaya. Harsashi goma take ci, ana dura mata su ta sama cikin wani ma'aji da ke gaban kunama. Gidanta na katako ne, ana iya haɗa shi da ƙotarta a dafa a kafaɗa kamar doguwar bindiga. Harsashinta na asali kaurinsa milimita 7.63 ne, tsawon kwansonsa milimita 25, mai matsattsen wuya kamar kwalba. Irinta ce Winston Churchill ya riƙe a yaƙin Omdurman na Sudan, ran 2 ga Satumba 1898, saboda ciwon kafaɗa ya hana shi aiki da takobi.

Ruɗani na farko ya taso ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun 1908 sojan Jamus ke amfani da bindigar Luger mai cin harsashin milimita 9. Da ta yi ƙaranci, sai gwamnati ta ba kamfanin Mauser kwangilar bindigogi masu yawa, bisa sharaɗin su ma su ci harsashin Luger. To amma a ido da wuya a bambanta su da na da. Don haka aka riƙa sassaƙa ƙatuwar lamba 9 a jikin ƙotar, a shafe ta da jan fenti, don kada soja ya dura wanda ba nata ba. Sai dai ba kowace aka yi wa alamar ba. Daga baya kuma an sake huda bututun waɗansu tsofaffin da suka cinye, aka mayar da su na milimita 9. Ke nan rashin jar lamba ba hujja ba ce.

Ruɗani na biyu, wanda ya fi haɗari, daga Rasha ya ɓullo. A shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta sayi bindigogin Mauser masu yawa, sojojinta suka saba da su. Da suka tashi yin tasu bindigar, wato Tokarev, a 1930, sai suka kwaikwayi harsashin Mauser, suka kira nasu 7.62. Idan aka jera su biyu, da wuya a tantance. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Jamus kan dura harsashin Mauser a bindigogin Rasha da suka kama, ya tashi lafiya lau. Akasin haka shi ne matsalar. Harsashin Tokarev shi ne kuma abincin bindigar PPSh-41 mai aman wuta, kuma a ƙasashen gabashin Turai an yi waɗansu da albarushi mai ƙarfin da ya zarce na asali.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ragowar waɗannan harsasai suka cika kasuwannin Turai da Amurka da arha, masu tsohuwar Mauser suka ga banza ta faɗi. Abin lura a nan shi ne yadda bindigar take aiki. Duk harbi ɗaya, wani ƙarfe a cikinta yana zabura baya, saitin fuskar mai harbi, ɗan guntun ƙarfe ne kawai ke tare shi. Ƙarfen da ya shekara ɗari, idan aka yi ta dukansa da ƙarfin da ba don shi aka yi shi ba, yana iya tsagewa, abin da ke gaba ya yiwo baya. Bugu da ƙari, tsofaffin harsasan soja kan bar wani irin gishiri a bututu, wanda ke jawo tsatsa in ba a wanke da wuri ba.

Saboda haka masana ba su dogara da ido. Sukan fara kai bindigar wurin gwanin gyara ya auna bututunta, ya duba ƙarfen da ke tare baya, ya sauya waya mai tsalle da ta saki. Sannan su karanta rubutun da ke gindin kwanso, su nemi sabon harsashin da aka yi bisa ma'aunin Mauser. Wadda kuwa aka ga ta gaji, sai a rataye ta ta zama abin kallo.

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Harsashin Mauser da na Tokarev ɗan'uwa ne da ɗan'uwa, amma wanda ya ɗauke su abu guda, yana iya biyan kuskuren da idonsa.