Ranar Da Nijeriya Ta Canza Hannu: Abin Da Hanyar Funtuwa Zuwa Maraɗi Ke Koyarwa

Motar da ta yi lodin masara a Funtuwa ta nufi arewa takan bi ta Bakori da Malumfashi, ta faɗa titin Kano zuwa Katsina, ta wuce Kankiya da birnin Katsina da Jibiya, sannan ta tsallaka iyaka ta Ɗan Isa ta shiga Maraɗi. A duk tsawon wannan tafiya direba yana riƙe da hannun dama, kuma babu abin da zai tuna masa cewa an taɓa yin wani tsari dabam. Amma kafin ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, direban da ya yi wannan tafiya sai ya sauya gefen titi a kan iyaka: hagu a ƙasar Katsina, dama a ƙasar Maraɗi, alhali mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kuma sarautar Maraɗi kanta tsatson sarakunan Katsina ce.

Asalin bambancin yana Turai. Ingila ta tabbatar da bin hagu a dokar hanyoyi ta 1835, ta kai al'adar ƙasashen da ta mallaka, shi ya sa har yau Indiya da Pakistan da Kenya da Afirka ta Kudu suke bin hagu. Faransa kuwa dama take bi, ita ma ta bar wa ƙasashen da ta rena wannan gado. Amurka ta ƙara wa dama rinjaye, musamman bayan da kamfanin Ford ya fito da motarsa Model T a 1908 da sitiyari a hagu, wadda ta yaɗu ƙwarai. A yau kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ne ke zaune a ƙasashen da ake bin hagu. Babu gefen da ya fi wani a kan kansa. Abin da ake bukata shi ne kujerar direba ta kasance kusa da tsakiyar titi, don ya hango mai tahowa kafin ya wuce na gabansa.

Muddin kaya ba sa tsallaka iyaka da yawa a mota, wannan bambanci bai dami kowa ba. Turawan Ingila sun tsara yankin Funtuwa ne yana kallon kudu. Layin dogo daga Zariya ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Audugar da aka gurje a injinan Funtuwa da Malumfashi jirgin ƙasa ne ke kai ta bakin teku, aikin mota kawai ta kawo kaya tasha. Amma da titin kwalta ya yawaita, manyan motoci suka fara ƙwace wa jirgi kaya, sai Nijeriya ta tsinci kanta a wani hali: Dahomey, wadda ake kira Benin a yau, da Nijar da Chadi da Kamaru, duk maƙwabtanta huɗu, dama suke bi.

Ba Nijeriya kaɗai ta fuskanci wannan ba. Gambiya, wadda Senegal ta kewaye, ta koma dama a 1965, Saliyo ta bi sahu a 1971. A Turai ma, Suwidin ta yi ƙuri'ar raba-gardama a 1955, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ƙi canjin, amma majalisa ta zartar da shi daga baya, aka aiwatar ranar 3 ga Satumba, 1967, domin maƙwabtanta Norwe da Finlan dama suke bi. Darasin iri ɗaya ne a waɗannan ƙasashe: idan gado da maƙwabtaka suka yi karo a kan titi, maƙwabtaka ce ke yin nasara.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta aiwatar da canjin ne shekara biyu kacal bayan yaƙin basasa, lokacin Femi Okunnu ne kwamishinan ayyuka na tarayya, Funtuwa da Malumfashi kuma suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna. Canjin hannu ya zo cikin jerin sauye-sauyen da suka raba ƙasar da ma'aunan Ingila: naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973, kilomita ta ture mil. Gana ta canza nata hannun ranar 4 ga Agusta, 1974. Don haka lokacin da aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a watan Mayun 1975, direba zai iya tashi daga Dakar ya isa Maiduguri ba tare da ya sauya gefe ba.

Nauyin canjin ya fi faɗawa kan garuruwan lodi irin su Funtuwa. Doka ta sauya a rana ɗaya, amma motoci ba su sauya ba. Tsohuwar motar katako mai sitiyari a dama ta mayar da direbanta can bakin titi, inda ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya dogara da idon yaron mota. Ƙofar bas da ke buɗewa a hagu ta koma sauke fasinja a tsakiyar hanya. Shataletale ya juya alkibla, mai tafiya a ƙasa kuma dole ya koyi fara duban hagu kafin ya tsallaka. Sannu a hankali sababbin motoci suka kawar da matsalar, musamman da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Har yanzu dokokin hanya na Nijeriya sun haramta tuƙa mota mai sitiyari a dama, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan waɗanda ake juya wa sitiyari a gareji.

Sai dai daidaita hannu bai daidaita komai da komai ba. Nijar ta gaji ƙa'idar Faransa cewa a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito ta dama shi ke da hanya, abin da baƙon direba zai iya mantawa. Takardun mota a can da Faransanci suke, jandarma ke duba su. Inshorar ƙetare sai da aka ƙirƙiro mata katin bai-ɗaya na ECOWAS a 1982. Iyakar nauyin kaya ma tana da tarihi biyu: ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa sun yi tasu ƙa'idar a 2005, ECOWAS ta fitar da tata a 2012. Duk inda dokoki biyu suka saɓa, nan shinge ke tsirowa, kuma kuɗin da aka kashe a shinge daga farashin buhun manomin Ɗandume ko Ƙafur ake cire shi.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin sauran yarjejeniyoyin. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sannan ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025. Cikin duk wannan tata-ɓurza, babu wanda ya kawo batun komawa hagu. Dokar 1972 ta ɗore ne domin guda ɗaya ce, a fili take, ta hau kan kowa a lokaci ɗaya, kuma wanda ya karya ta shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Sauran ƙa'idojin hanya tsakanin Katsina da Maraɗi, daga takardu zuwa sikelin awon kaya, ba su samu wannan gata ba tukuna, kuma masu noma da masu cin hatsi a ɓangarorin biyu su ne ke biyan kuɗin jinkirin.