Gem ɗin da muke rainawa da sunan jabu

1/ Ran Asabar na je gida Rawayau, na tarar ƙannena sun tokare ƙofa da tsohon gem ɗinmu, mai cin kaset ruwan ɗorawa. Wai ai jabu ne. Bari in ba ku tarihinsa, ku yi alƙalanci.

2/ Asalinsa Famicom ne, wanda Nintendo ta fitar a Japan ran 15 ga Yulin 1983. A 1985 ya shiga Amurka da sunan NES. An sayar da sama da miliyan 61, kuma sai 2003 aka daina ƙera shi a Japan.

3/ Namu kam ba na Nintendo ba ne. Masana'antun Taiwan da China ne suka kwafi cikinsa suka karya farashi. Kun tuna Polystation? Siffar PlayStation, amma ka ɗaga murfi ka ga ramin kaset. Ba mu kaɗai ba fa, yaran Rasha ma da kwafi suka tashi, Dendy, tun 1992.

4/ Ku dubi aikinsa. RAM ɗinsa kilobait 2 ne kacal. Super Mario Bros. na 1985 dukansa kilobait 40, hoto ɗaya a wayarka ya fi shi nauyi. Ba data, ba jira. Da an kawo wuta ka danna, an fara.

5/ Bindigar Duck Hunt fa? Kana harbi allon zai yi baƙi na ƙiftawar ido, farin akwati ya bayyana a gurbin agwagwar, idon da ke bakin bindigar ya gane hasken. Shi ya sa sai da talabijin mai ƙeya, ba ta yi a filasma.

6/ Laifinsa ɗaya na yarda: kaset ya ce wasa 9999, ashe 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Amma Contra mutum biyu ta biya mu.

7/ Kafin mu yi wayon zuwa gidan gem a Dutsin-Ma mu ga PS2, wannan ita ce kwamfutar farko da yawancinmu muka taɓa. Da sai na asali, wallahi da ba mu gani ba.

8/ Namu na karɓe na goge. In naku na nan, kar a ba 'yan gwangwan. Wane wasa kuka fi tunawa?