Ganuwa da Gyaranta a Kudancin Ƙasar Kano

Wanda ya ratsa Kadawa a yau, tsakanin Kura da Bunkure, ba abin da zai gani sai magudanan ruwa da gonakin shinkafa da tumatir da alkama. Amma a ƙarni na 19 wannan yanki yana kan hanyar mahara. Ningawa sun sha kawo hari kudancin ƙasar Kano, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855-1883), saboda haka garuruwa irin su Rano da Bebeji suka dogara da ganuwa.

Ganuwar wannan ƙasa ba ta dutse ba ce, ta ƙasa ce. Akan haƙa ƙasa a gindinta, a kwaɓa, a ɗora, ramin da aka bari ya zama gwalalo, a kuma bar sarƙaƙiya ta rufe shi. Ginin ƙasa kuwa abokin gabarsa damina. Kowace shekara ruwa sai ya zaizaye kanta, ya ci gindinta. Don haka da an gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, sai mai gari ya sa a yi shela, a raba wa kowace unguwa nata ɓangaren. Magina su ja gaba, samari su kwaɓa ƙasa su miƙa, makaɗa suna zuga su. Sunansa gayya, amma kada mu yaudari kanmu, aikin sarki ne, ba a cewa ba za a je ba, kuma bayi sun ɗauki kaso mai nauyi a cikinsa.

A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga watan kuma ta shiga birnin Kano. Sai dai ba igwa ce ta cinye ganuwoyin ba. Da hare-hare suka ƙare, dalilin gyara ya kau, aka daina kiran gayya. Abin da damina ta rage, masu neman ƙasar gini suka kwashe. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya ƙara wa fili daraja, garuruwa suka tumbatsa suka haye tsofaffin iyakokinsu.

Yana da kyau malamai su kwatanta wa ɗalibai wannan da Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A can duwatsu ake jerawa ba tare da laka ba: manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani, nauyinsu ne ke riƙe juna, ruwa kuma ya bi ta kafofi ya wuce. In ɓangare ya zube, duwatsun suna nan a gindinsa, sai a sake ɗora su. Tamu kuwa in ta faɗi, ta koma ƙasar da ta fito.

Shi ya sa mai neman sawun ganuwa a garuruwanmu ba bango zai nema ba. Sai ya bi jerin kududdufai da ya kewaye tsohon gari, ya lura da wuraren da har yanzu ake kira ƙofa kaza alhali babu ƙofar, sannan ya zauna da dattawan gidan magina ya tambaye su ɓangaren da aka raba wa unguwarsu.