Dutse, Tafki da Ƙofar Gida: Nazari kan Tsarin Garin Dogon Dutsi da Zaman Jama'arsa

Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ya wuce Dosso ya nufi Birnin Ƙonni, tun bai shiga Dogon Dutsi ba zai hango dutsen da garin ya ci sunansa, tsaye shi kaɗai, kansa a shafe kamar an yanke da wuƙa. Garin yana ƙasa kaɗan da kilomita 300 gabas da Yamai, cikin kwarin Dallol Mawri, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 37,000 a cikinsa, ban da ƙauyukan da ke ƙarƙashin hukumar garin. Wannan nazari yana bin diddigin tambaya guda: a ina ne ɗan Dogon Dutsi yake jin cewa shi ɗan gari ne, kuma me tsarin gine-gine yake yi wa wannan wurin? Abin da za a nuna shi ne cewa zaman tare a garin ya dogara ne kan wuraren da ke tsakanin gidaje, wato ƙofar gida da inuwar itace da bakin ruwa, kuma su ne wuraren da sabon rabon filaye ya fi mantawa da su.

Ƙasar da garin ya zauna a kai

Dallol tsohon gadon kogi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa. Na Mawri ya gangaro daga arewa zuwa kudu har ya sadu da kogin Kwara a yankin Gaya. Ƙasansa rairayi ne, kuma ruwa bai yi nisa sosai a ƙarƙashinsa ba, shi ya sa rijiyoyi da gonaki da garuruwa suka jeru a cikinsa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi har Tibiri. A gefensa akwai tuddai masu jan dutse, marasa shan ruwa. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma idan ruwa ya sauka kan waɗannan tuddai ba ya tsayawa. Yakan tattaru cikin ƙoramu ya kwararo kwari, inda ya fi ƙasa ya kwanta ya zama tafki. Tapkin Saw da ke gefen garin shi ne mafi shahara.

Ke nan tun kafin a aza tubali ɗaya, ƙasa ta riga ta zana taswirarta: tudu na zubo ruwa, ƙorama na kai shi, tafki na ajiye shi. Duk tsarin da mutum zai kawo, ko dai ya bi wannan zane ko ya yi karo da shi.

Tsarin farko: gari mai masu ƙasa

Tarihin Arewa, wato ƙasar Mawri da Dogon Dutsi yake ciki, kamar yadda Marc-Henri Piault ya tattara shi a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, ya tsaya kan ƙafa biyu. Akwai Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, masu riƙe da al'amuran ƙasa da iskokinta, irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Akwai kuma Arawa, masu danganta kansu da wani ɗan sarki Ari daga Barno, waɗanda sarauta ta zauna a hannunsu. Wannan rabon aiki yana da ma'ana ga tsarin gari. Mai mulkin mutane daban, mai ba da izinin taɓa ƙasa daban. Wani itace, wani kogon dutse, wani bakin tafki, ana ɗaukar su gidajen iskoki ne, ba a sara ba a tonawa sai da sanin 'yan ƙasa. Ko mutum ya yarda da wannan aƙida ko bai yarda ba, sakamakonta a fili yake: ta cire wasu wurare daga kasuwa, ta bar su mallakar kowa. A zamanin da babu ma'aikacin gandun daji, tsoro ne ya yi gadin itatuwa.

Sunayen tsofaffin unguwanni ma shaida ne. Konawa, Sarkin Noma, Mayaƙi, Ubandawaki, duk sunaye ne na zuriya ko na sarauta. Wanda ya ce daga unguwa kaza yake, ya faɗi asalinsa da wanda zai tsaya masa idan magana ta taso. Lungunan irin waɗannan unguwanni ƙanana ne masu lanƙwasa, domin gida yakan girma ne da girman iyali: ɗa ya yi aure, a ja masa danga a gefen na uba. Ƙuncin lungu yana jawo inuwa, lanƙwasarsa tana karya iska mai ƙura, kuma ba ka isa ka wuce ƙofar dattijo ba ka rage murya ka ce, "Baba, ina wuni?" Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Irin wannan lungu yana tilasta wa ƙafa ta bi ta gaban mutane.

Tsari na biyu: bariki da hanya

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Arewa, ta gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka mai da cibiyar mulkin yankin daga Matankari zuwa Dogon Dutsi. Da wannan ne sabon tunani ya shigo: miƙaƙƙen layi, fili mai kusurwa huɗu, bariki a ware da gari, da hanyar da aka sara da aikin tilas, wanda ba a soke shi a ƙasashen renon Faransa ba sai 1946.

Hanyar ta canza alƙiblar garin. Tasha da shaguna da masu tuya da masu gyaran babur suka jeru bakin kwalta, sai zuciyar gari ta koma can. Adeline Masquelier, masaniyar halayyar al'umma da ta fara bincike a garin tun ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta a 2002 game da labaran da mutane ke bayarwa na iskokin da ke tare matafiya a wannan hanya. Abin lura a labaran shi ne yadda suke haɗa haɗarin mota da gidajen iskoki da aka rusa lokacin sarar hanya. A littafinta na 2001 kan bori a garin, wanda ta ɗauko sunansa daga ƙorafin 'yan bori cewa salla ta ɓata komai, ta nuna yadda yaɗuwar Musulunci da kasuwanci suka raunana ikon 'yan ƙasa. Ba aikin wannan nazari ba ne ya yi hukunci kan aƙida. Abin da ya shafe mu shi ne giɓin da aka bari: tsohuwar dokar da ke cewa "nan ba a taɓawa" ta ja baya, ba a kuma yi saurin kafa wata a madadinta ba, alhali shari'ar Musulunci kanta tana da babin haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci da harimin rijiya, da kuma ladar mai dasa itace.

Tsari na uku: rabon filaye

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ma'aikatun magajin gari a Nijar suka sami ƙarin hannu a harkar filaye, kuma sayar da fuloti ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin samun kuɗinsu. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ita ma da nata buƙatun ofisoshi da gidajen ma'aikata. Hanyar rabon iri ɗaya ce ko'ina: a auna gona, a yanka ta gida-gida, a kafa duwatsun iyaka, a ba kowa takardarsa.

Wannan tsari yana da amfaninsa, kuma zalunci ne a musanta. Takarda tana kare gwauruwa da maraya daga ɗan'uwa mai haɗama. Faɗin titi yana barin motar asibiti ta shiga, bututun famfo da wayar lantarki su wuce. Baƙon da ba shi da kaka a gari yana iya mallakar gida ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Sai dai akwai abubuwa uku da ma'aunin ba ya gani.

Na farko, maƙwabtaka. A sabuwar unguwa kuɗi ne ke zaɓa maka maƙwabci. Abin da mai fuloti ke fara yi shi ne katanga doguwa da ƙofar ƙarfe. Zaure, wanda shi ne ɗakin da ke tsakanin gida da gari, inda ake karɓar baƙo, malam ke karantarwa, ake sasanta rigima, sau da yawa babu shi, an mai da gurbinsa shago ko wurin ajiye mota. Na biyu, inuwa. Gonar da aka yanka tana da gawo da aduwa da kalgo. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani lokacin da ake neman inuwa. Mai gini yana ganinsa tsaiko ne a tsakiyar fili, sai ya sare. Na uku, ruwa. Layin da aka ja da ma'auni bai san ƙorama ba. Idan aka yi ruwan dare mai ƙarfi a watan Agusta, da asuba za ka ga titin rairayi ya dare biyu, rami ya kai gwiwa, jan ruwa ya ci gindin katangar ƙasa, magidanci da 'ya'yansa suna cika buhuna da yashi suna jerawa a ƙofa. Kowa yana kare ƙofarsa, ruwan kuma ya karkata ya faɗa gidan na ƙasa da shi. Da haka rigimar maƙwabta ke farawa, alhali laifin na taswira ne.

Wannan ba ciwon Dogon Dutsi kaɗai ba ne. A Kano an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, ruwan da suke sha ya koma tituna. A daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Nijar, har tsohon masallacin Zinder na ƙarni na 19 ya rushe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Fada: yadda matasa suka cike giɓin

Da dare bayan isha'i, a gindin wata katanga, za ka tarar da samari shida ko takwas kan benci da tabarma. Ƙaramar buta tana kan gawayi a murhun waya, ɗaya yana ɗaga ta sama yana zuba shayi cikin ɗan kofi har kumfa ta tashi, na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi. A jikin katangar an rubuta sunan ƙungiyar da fenti. Wannan ita ce fada, wadda ta bazu a biranen Nijar tun shekarun 1990, zamanin da aikin gwamnati ya yi wuya, kuma Masquelier ta yi mata littafi sukutum a 2019 bisa bincikenta a Yamai da Dogon Dutsi.

Manya da dama suna kallon fada a matsayin zaman kashe wando. Ta fuskar tsarin gari kuwa, fada zaure ce da aka fitar waje. Saurayin da ba shi da ɗakin kansa, ba shi da abin aure, ya ari sunan majalisar sarki ya kafa tasa a bakin titi. Nan ake tara gudummawar biki da ta rashin lafiya, nan ake jin labarin aiki, kuma ɓarawo ba ya son layin da ake shan shayi har tsakar dare. Jane Jacobs ta faɗi makamancin haka game da biranen Amurka a 1961, cewa idanun mazauna ne ke tsare titi. 'Yan fada ba su karanta ta ba, buƙata ce ta koya musu.

Amma fada ta maza ce. Mata a da suna da bakin rijiya da wurin daka da hanyar itace. Famfo a cikin gida da injin niƙa sun sauƙaƙe musu wahala ƙwarai, sun kuma rage wuraren haɗuwa, sai biki da suna da makarantar Islamiyya da asibitin awo. Duk tsarin da bai tambayi inda mata za su zauna su yi magana ba, rabin gari ya yi wa aiki.

Abin da garin ya riga ya gwada

Ba daga waje za a fara neman magani ba. A kan gangaren tuddan da ke kewaye da garin an jera duwatsu layi-layi domin rage gudun ruwa ya samu ya nutse, aikin da jama'a suka yi da hannunsu, cikin haɗin gwiwar da ke tsakanin garin da birnin Orsay na Faransa da ƙungiyar RAIL ta Nijar. A gefen Tapkin Saw kuma lambuna suna ba da dankalin turawa da kayan miya da rani. Wannan ya nuna cewa ruwan da ke rusa katanga a Agusta shi ne ke ciyar da iyali a Janairu, bambancin kawai inda aka tare shi. Haka nan ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar tun 1975. Matsalar dashen biki ita ce itacen da ba shi da mai shi akuya ke cinye shi. Dogon yaron da ya rayu shi ne wanda aka dasa a ƙofar wani, ko gaban masallaci, ko inda 'yan fada ke zama, domin akwai mai zuba masa ruwan alwala.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari huɗu suke fitowa. Kafin a yanka kowace gona, a bi ta da damina tare da manoman da suka san inda ruwa ke bi, a cire ƙoramu da tafkuna daga abin sayarwa. A rubuta manyan itatuwan da ke filin cikin takardar fuloti, yadda sare su zai zama saɓa yarjejeniya. A bar ƙananan dandali masu yawa a tsakiyar layuka maimakon babban fili guda a bayan gari, wanda zai zama kamar inuwar giginya, na nesa ka sha. Sannan a damƙa kowane dandali ga masu amfani da shi, fada ko ƙungiyar mata ko kwamitin masallaci, da sunansu a rubuce.

'Yan ƙasa na da sun riƙe wata ƙa'ida da har yanzu garin yake buƙata: akwai wuraren da ba na kowa ba domin na kowa ne. A yau mai ikon faɗin haka shi ne hukumar gari da sarakuna da limamai. Idan suka faɗa kafin a kafa dutsen iyaka, kuɗin fuloti kaɗan za a rasa. Idan suka bari sai an yi gini, to ruwan Agusta ne zai faɗa, kuma shi ba ya duba takarda.