Kafin A Take Leda, A Tambayi Mai Usur

Duk lokacin da aka tsai da ranar wani babban wasa, ko a filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi ne, ko kuwa irin waɗanda muke kallo a talabijin, hukumar da ta shirya wasan takan fitar da sunayen waɗanda za su yi alƙalanci: mai usur, da mataimakansa biyu masu riƙe tuta, da na huɗu mai jiran ko-ta-kwana a bakin fili. Galibinmu ba mu damu da wannan takarda ba. Hankalinmu yana kan wa zai tsare gida, wa zai buga lamba tara. Sai an tashi wasa an sha kashi, sa'an nan za ka ji ana cewa, shi wannan rafali daga ina aka samo shi? Alhali kuwa tambayar da ya kamata a yi ke nan tun kafin a take leda.

Mu mutanen Kabi ba baƙin wannan magana ba ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka yi masa su don girmamawa, bikin kamun kifi yake da masu hukuncinsa. Ba mai faɗawa Matan Fada sai an ba da izini, ba a kuma sanin gwani sai an ɗora kifi a sikeli. A 2008 har an ba wani masunci kyautar farko saboda kifi mai nauyin fiye da kilo 60, daga baya bincike ya nuna kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa, aka ƙwace kyautar. Da ba a sami masu ido a wurin ba, da maganar ta wuce ke nan.

A ƙwallon ƙafa, sai a 1891 ne aka ba mutum ɗaya cikakken ikon hukunci a tsakiyar fili can a Ingila, aka mai da sauran biyun bakin layi. Wanda ya kawo katin gargaɗi da jan kati kuwa malamin makaranta ne, kamar dai malaman wasanninmu da suka riƙa hura mana usur da yamma bayan an tashi aji. Sunansa Ken Aston, har ya riƙe hedimasta a wata makaranta kusa da Landan. Shi ya yi alƙalancin wasan Chile da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1962 a Santiyago, wasan da ya koma dambe, aka kori 'yan Italiya biyu, har sai da 'yan sanda suka shiga fili. A gasar 1966 kuma, lokacin yana shugabantar alƙalai, wani alƙali Bajamushe mai sana'ar ɗinki, Rudolf Kreitlein, ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, shi kuwa ya ƙi fita, ga shi ba mai jin harshen wani. Daga nan Aston ya ari launin fitilar kan hanya, aka fara aiki da katuna a Meziko a 1970.

To, bari mu dawo kusa da gida. Wanda ya bi ta Kamba ya tsallaka Gaya, ya wuce Dosso, zai isa Yamai, garin da ya fitar da Lucien Bouchardeau. An haife shi a 1961. Ya yi alƙalanci a gasar cin kofin Afirka ta 1996 da ta 1998, da wasannin Olimfik na 1996 a Amurka. Watau ba daga sama ya faɗo ba, matakala ya bi ɗaya bayan ɗaya, har hukumar FIFA ta ɗauke shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa. Ƙungiyar ƙasarsa ba ta taɓa zuwa wannan gasa ba, ko kofin Afirka ma sai a 2012 ta fara leƙawa, amma ga usur ɗin Nijar ya riga ta isa.

Ran 11 ga watan Yuni 1998 aka ba shi wasan Italiya da Chile a Bordeaux, ƙasashen nan biyu da suka ba Aston wahala shekara 36 da suka wuce. Vieri ya fara ci wa Italiya, Salas ya rama, ya kuma ƙara. Saura 'yan mintoci a tashi, Roberto Baggio ya bugo ƙwallo ta sami hannun Ronald Fuentes a cikin da'ira, daga kusa ƙwarai. Bouchardeau ya nuna fenariti, Baggio ya ci, aka tashi biyu da biyu. Mutanen Chile suka ce zalunci ne, don yaron bai kai hannu da gangan ba. Ba a sake ba shi wani wasa ba a wannan gasa. Ni dai a ganina an yi masa tsanani. Hukunci ne na ƙiftawar ido, ba na'urar da za ta maimaita masa, don sai a 2018 aka fara amfani da ita a kofin duniya. A wannan shekara ta 2018 ɗin kuwa ya rasu a Yamai. Kada mu manta kuma, a gasar 1998 ɗin nan ce ɗan Afirka ya fara alƙalancin wasan ƙarshe, watau Sa'id Belqola na Maroko, ma'aikacin kwastan, wanda bai ji tsoron korar Marcel Desailly na Faransa a gaban jama'arsa ba.

Labarin na biyu ba shi da daɗin ji, shi ma daga Nijar ne. Ibrahim Chaibou alƙali ne mai bajen FIFA a wancan lokaci. A ƙarshen watan Mayu 2010 ya hura wasan sada zumunta da Afirka ta Kudu ta ci Guwatamala 5 da nema, inda ya ba da fenaritin da suka sa masu kallo tafa hannu. A watan Satumba na shekarar ya hura wasan Baharain da wata ƙungiya da ta ce ita ce ta ƙasar Togo, ashe ta bogi ce, hukumar ƙwallon Togo ba ta ma san da tafiyar ba. Sunan wani ɗan cacar Singafo, Wilson Raj Perumal, ya fito a cikin shirya waɗannan wasanni.

Duk da haka, ran 1 ga watan Yuni 2011, shi aka ga ya fito da usur a babban filin wasa na Abuja, Nijeriya da Ajantina. Da yawa cikinmu mun kalli wasan nan, mun yi murna, don mun zura huɗu, ko da yake baƙin ba su zo da manyan 'yan wasansu ba. Aka ɗaga allo an ƙara minti biyar, sai wasa ya ƙi ƙarewa. A wajen minti na takwas ya ba Ajantina fenariti a kan taɓa hannun da hotunan talabijin ba su nuna ba, Mauro Boselli ya ci, aka tashi 4 da 1. Daga baya kamfanonin caca suka ba da rahoton cewa an zuba kuɗi masu yawa a kan lalle za a ci ƙwallo ta biyar. Shi dai Chaibou ya sha musanta zargin, amma a watan Janairu 2019 FIFA ta same shi da laifin karɓar toshiya, ta hana shi shiga harkar ƙwallo har iyakar rayuwarsa, ta kuma ci shi tarar faran 200,000 na ƙasar Suwizalan. Abin da ya fi damuna a nan shi ne wasan Guwatamala ya riga na Abuja da shekara guda cur, na Baharain kuwa jaridun duniya sun yi ta yayata shi tun wata tara kafin nan.

Namu na gida fa? Super Eagles sun je kofin duniya sau shida daga 1994 zuwa 2018, amma ba ɗan Nijeriya ko ɗaya da ya taɓa hura usur a tsakiyar fili a wannan gasa ta maza. Mata ma sun riga mu, don Bola Abidoye ta yi alƙalanci a kofin duniya na mata a 1999 da 2003. A kofin Afirka, Emmanuel Imiere ya hura a Masar a 2006. Da aka zo gasar da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, inda muka kai wasan ƙarshe aka ci mu 2 da 1, babu sunan ɗan Nijeriya a jerin alƙalan da aka gayyata. Wanda ya hura wasan ƙarshen, Dahane Beida, daga Muritaniya ya fito.